Yatsan Otakar a Kan Taswira

Yayana Otakar ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa bas tsakanin garinmu Kyjov da ƙauyukan da ke kewaye, kuma bai taɓa goge ko katangar wani ba. Ka zauna da shi minti biyar, zai gaya maka wannan. Ka kai minti goma, zai sake gaya maka. Ni Milada, ƙanwarsa, na ji har na haddace. Da na san akwai ranar da zan yi kewar wannan cika baki, da ban riƙa toshe kunne ba.

Shekara shida bayan an buɗe kan iyakar ƙasarmu ya sayi wata tsohuwar motar raba burodi, ya shigar da ita gareji, ya yi hunturu guda yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase. Da ta fito sai ga ɗaki a kan taya: gado na mutum biyu, murhun gas, ɗan tebur mai naɗewa, da kanta mai ramuka ashirin da ɗaya, kowane rami daidai gindin kwalba. Matarsa Drahomira, wadda kowa ke kira Draha, ita ta raɗa wa motar suna Kunkuru, don tana ɗauke da gidanta a baya kuma ba ta san sauri ba. Har yau idan rana ta buga ta sosai, sai ka ji ƙanshin burodi.

Ba sa tafiya sai farkon kaka. Yaya ya ce a watan Satumba yara sun koma makaranta, zango ya yi fili, rana ta daina cizo, teku kuma bai huce ba tukuna. Maƙwabta kuwa cewa suke yi gudun yankan inabi yake yi, don duk shekara ranar da aka fito da almakashi, Kunkuru ya riga ya tsallake iyaka.

Yadda ake zaɓen inda za a je, wannan gadon Babanmu ne. Muna yara ba mai fita ƙasar nan sai da takardu bakwai da sa hannun mutanen da ba sa son ka. Duk da haka, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, Baba yakan shimfiɗa taswirar Turai a teburin cin abinci, Inna ta ɗaure masa ido da tsumman goge kwano, ya juya yatsa a sama kamar mai dama kunu, ya dira. Inda ya dira, can za mu je bana. Mun je Lisbon a haka, mun je Atina, ba tare da mun ɗaga daga kujera ba. Baba ya rasu bai ga teku ba.

Yaya ya ɗauki al'adar, taswirar ma ita ce dai, ta sha liƙi. Bambancin kawai, shi yana tafiya da gaske. Kuma yana da doka guda: inda yatsa ya dira ba a sakewa. Sai ya buga tebur ya ce, “Yatsa ya yanke!” Shi ke nan.

To amma duk mun san maguɗi yake yi. Tun bazara Draha za ta fara sakin zance, tana wanke-wanke tana cewa, “An ce tafkunan Italiya da kyau a kaka.” Shi kuma ya yi kamar jarida yake karantawa. Ranar Lahadin, ita da kanta take ɗaure tsumman, ta bar 'yar kafa a gefen hanci. Ya ɗaga haɓa, ya leƙa, yatsa ya faɗa daidai kan tafkin. Ta dafe ƙirji ta ce, “Kai, Tsoho, wannan wace irin sa'a ce!” Shekara ashirin da bakwai suna wannan wasan, ba wanda ya taɓa tona wani. Ni wadda mijina ya bar ni tun ina da ƙuruciya, nakan zauna ina kallonsu ina tsaki, amma a raina ina jin daɗi.

Bara Draha ta yi ta maganar Peljesac, can bakin tekun Kuroshiya, wani ɗan zango a ƙarƙashin itatuwan zaitun inda suka fara kai Kunkuru. Ta ce tana so ta ga ko matar da ke sayar da ɓaure tana da rai. Ta faɗa a Yuni, ta faɗa a Yuli, har ni na gaji na ce, “Matar Yaya, ko kurma ya ji, ki bar mu mu huta.”

Lahadin ta zo. An ci kek ɗin tuffa, an kwashe faranti, an shimfiɗa taswira. Draha ta ɗaure tsumma da 'yar kafarta kamar kullum. Yaya ya ɗaga haɓa. Ya daɗe. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yatsa yana ta yawo a sama har na ce, “Yaya, kunun ya damu, dira mana.”

Ya dira. Ba a bakin teku ba. Faɗin yatsa biyu gabas da teku, tsakiyar wurin da taswira ta yi launin ƙasa-ƙasa mai duhu.

Ya cire tsumma yana murmushi, ya ce, “To, ina muka faɗa?”

Na sunkuya na karanta. Na ce, “Durmitor. Duwatsun Montenegiro.”

Na ga murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manta da shi a can. Ya kai fuska kusa da taswira har hancinsa ya kusa taɓa ta. Draha ta ce a hankali, “Baban Radka, tsumman ne na ɗaure da ƙarfi. A sake.”

“A sake me?” in ji shi. “Yaushe aka taɓa sakewa? Yatsa ya yanke.” Ya buga tebur, amma bugun ba shi da ƙarfin da muka sani.

A hanyata ta komawa gida abubuwa suka riƙa dawo mini. Ranar da ya zuba kofi a gefen kofin ya ce tebur ne ya karkace. Ranar da muka yi kiciɓis a gaban kantin magani, na tsaya a gabansa, ya wuce ni kamar bishiya, na yi kwana uku ina fushi. Da yadda ya koma kallon mutum ta gefen ido kamar kaza. Ashe ba girman kan tsufa ba ne. Na tsaya a kan gada na riƙe ƙarfe.

Washegari da safe na same shi a gareji, yana kwance a ƙarƙashin Kunkuru. Na shuri takalminsa.

“Yaya, fito.”

“Ina aiki.”

“Fito, ko in jawo ka da ƙafa.”

Ya fito yana goge hannu. Na ɗauki gwangwanin mai na riƙe a gabansa, taku biyu. Na ce, “Karanta mini abin da ke jiki.”

“Ke makaranta kika buɗe?”

“Karanta.”

Ya kalli gwangwanin, ya juya kai gefe, ya sake kallo. Sai ya zauna a matakalar motar. Ya ce tun hunturu ne. Wani baƙin tabo a tsakiyar idon hagu, kamar an ɗiga tawada. Na dama yana riƙe da shi, sai a bazara shi ma ya fara: sandar fitila ta lanƙwashe, layin titi ya zama maciji, abin da ke gabansa sak ya dushe. Gefe da gefe kuwa yana gani sarai.

“Ka je wurin likita?”

“In je ya karɓe mini lasisi? Takardata tana da rai har Nuwamba.” Irin shekarunsa, duk shekara biyu sai likita ya sa hannu kafin mutum ya ci gaba da tuƙi. Ya san ba za a sake sa masa ba.

Na ce, “Takarda ce za ta ga hanya, ko kai? Ka san Durmitor? Hanya ce kamar zare, dutse a hagu, kwazazzabo a dama. Ka ɗauki matar mutane ka kai ta can da rabin ido?”

“Shekara talatin da takwas ban taɓa…”

“Kar ka soma! Wallahi kar ka soma mini wannan yau.”

Can ya ce, “Milada, wannan ce ta ƙarshe. Na sani. Ki bar ni in kai ta in dawo da ita, sai in ajiye makulli da hannuna. Idan na ce a sake dira yatsa, na faɗa ke nan cewa shekara ashirin da bakwai leƙe nake yi, kuma yanzu ko leƙen ban iya ba.”

“To ku je Peljesac ɗin mana, hanya shimfiɗaɗɗiya.” Na faɗa, na kuma ji kunyar kaina, don ko can ɗin ma kwana biyu ne a kan babban titi.

“Yatsa ya yanke.” Ya kama hannuna da hannunsa mai baƙin mai. “Ki rantse da kabarin Baba ba za ki gaya wa Draha ba.”

Ni da bakina ba ya riƙe ko sirrin farashin albasa, na rantse. Yayana ne. Shi ya goya ni zuwa asibiti lokacin da na karye, shi ya je ya kwaso kayana ranar da aurena ya mutu. Ban taɓa ganin yana roƙon kowa ba sai ran nan.

Kwana goma sha biyu suka rage. Ban ci abincin kirki ba a cikinsu. Na ɗauki waya sau uku zan kira 'yarsu Radka a Kanada, na ajiye. Me za ta yi daga can banda kuka? Na je har ƙofar likitan unguwa, na tsaya, na juyo. Duk motar da ta taka birki a titinmu sai in leƙa ta taga. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma ina jin tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba tun rasuwar Inna.

Mu mutanen nan ba ma tafiya mu dogara da tukunyar wani. Kafin kowace tafiya Draha takan yi kwana uku a gaban murhu: miyar gulash, naman kaza da kabeji, wake da tsiran hayaƙi, ta ɗura a kwalabe ashirin da ɗaya, ta dafa su da murfinsu don kada su lalace, kwalba ɗaya kowace rana. Ni ce mai taya ta, aikina liƙa takardar sunan abinci a jikin kwalba. Da na shiga kicin ɗin ranar Laraba, tururi ya cika ko'ina, na tarar ta riga ta liƙa da kanta.

Draha malamar makaranta ce kafin ta yi ritaya, rubutunta ƙanana ne kamar jerin tururuwa. Amma waɗannan kwalabe, kowace an zagaye ta da farar takarda, an rubuta da baƙin alƙalami mai kauri, harafi ɗaya ya kai babban yatsana. GULASH. KAZA. WAKE.

Na tsaya da jaka a hannu. Ta ci gaba da goge murfi ba ta dube ni ba.

Na ce, “Tun yaushe?”

“Tun Maris,” in ji ta. “Ya sa mini gishiri a shayi, ya tsaya yana kallona ina sha. Na shanye.”

“Kika shanye! Draha, kina da hankali kuwa? Kin sani, kika ɗaure masa tsumma, kika bar shi ya dira a kan dutse?”

“Na buɗa kafar fiye da kullum. Na ɗauka zai gani.” Ta juya ta rage wuta.

“To yanzu sai ki gaya masa kin sani, a huta.”

Ta ajiye tsumma ta dube ni. “Milada, kin san yayanki kafin ni. Idan ni na karɓe makullin nan daga hannunsa, zai ba ni. Ba zai yi musu ba. Zai zauna a kujerar can ta bakin taga, kuma ba zai sake tashi ba sai an ɗauke shi. Na ga yadda aka yi da mahaifina. Dole shi ya ajiye da kansa.”

“Idan bai ajiye ba fa?”

“Zan shiga in zauna a gefensa. In karanta masa alluna, in gaya masa lanƙwasa.”

“Ku faɗa rami tare! Da wanda tsautsayi ya kawo ta ɗaya hannun, shi me ya yi muku?”

Ta san gaskiya na faɗa, na gani a fuskarta, amma ta ɗauki kwalba ta ci gaba da gogewa. Na fita na bugo ƙofa har kwalaben suka yi ƙara. Ga mutum biyu, kowa yana ɓoye wa ɗaya abu guda saboda ƙauna, ni kuma a tsakiya da rantsuwa a wuya kamar akuyar da aka ɗaure.

Na sa rai kwalaben za su yi aikin. Ranar Juma'a shi ya jera su a ramukansu, ina tsaye ina kallo. Ya ɗauki ta farko, ya karanta ba tare da ya juya kai ba, ya daɗe yana riƙe da ita. Na ce a raina, yauwa, ya gane Draha ta sani. Ya gane kuwa, don kunnuwansa sun yi ja. Amma sai ya saka ta a rami, ya ɗauki ta biyu. Taurin kai irin na gidanmu, ni ma ina da shi, ba zan yi ƙarya ba.

Asabar da hantsi za su tashi. Daga garejinsu zuwa ƙofar gida hanya ce miƙaƙƙiya, taku arba'in, tsakanin itatuwan tuffa. Aikina kowace shekara in buɗe ƙofar, in ɗaga musu hannu, in rufe, in karɓi makullin gida don ban ruwan furanni. Na sa jar rigata ta sanyi, wadda Yaya yake tsokanata da ita wai ana hango ni daga Austiriya. Na buɗe ƙofar duka ɓangare biyu. Na ji Kunkuru ya yi tari ya tashi.

Ban shirya komai ba, Allah ya sani. Na rantse ba zan gaya wa Draha ba, ban rantse zan matsa daga hanya ba. Ƙafafuna ne kawai suka kai ni tsakiyar ƙofar, na tsaya na harɗe hannu. Nufina ya tsaya, ya leƙo ya zage ni, in zage shi, a yi ta a gaban kowa, ko maƙwabta sa fito.

Motar ta taho a hankali. Ina ganinsa ta gilashi, hannu biyu a kan sitiyari, hularsa ta direba a kai, yana kallon gaba sak, wato yana kallona. Na jira ya rage. Taku ashirin. Ya duba madubin hagu, ya duba na dama, yadda ya saba, don kada reshe ya goge masa fenti. Taku goma. Bai rage ba. Fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi. A nan na gane ba taurin kai yake yi mini ba. Na so in yi tsalle gefe, ƙafafun da suka kawo ni suka ƙi.

Ta tagar da ke buɗe na ji muryar Draha, ba ihu ba, muryar aji: “Ota, birki. Milada tana gabanka.”

Ƙafarsa ba ta manta aikinta ba. Kunkuru ya tsaya cak, kwalabe ashirin da ɗaya suka yi kacau a ciki. Na ji zafin injin a gwiwoyina. Da na miƙa hannu kaɗan sai ga shi a kan ƙarfen motar.

Ya karkata kai gefe, kamar kaza, sai a lokacin ya same ni. Ya kashe mota. Tsit, sai tsuntsaye da wani maƙwabci can nesa yana wasa almakashin inabi.

Na ji ya ce, “Tsohuwa, wace riga ta saka?”

Draha ta ce, “Ja.”

Ya zare makulli, ya ɗora a kan cinyarta, a kan taswirar da ta riga ta buɗe. Ya cire hula. Bai yi kuka ba, ni ce na yi, a tsaye a bakin titi kamar yarinya, ina zaginsa ina kuka.

Kwalaben a gida aka cinye su, ɗaya kowace rana, har ashirin da ɗaya. Likita ya ce da ya zo tun hunturu da an tare na daman. Yanzu allura ake yi masa a ido duk wata don abin da ya rage. Kunkuru yana gareji, ya hana a sayar, yakan shiga ya zauna a ciki da rana. Bai zauna a kujerar bakin taga ba, wannan kam Draha ta ci. Amma tun ranar ban sake jin zancen shekara talatin da takwas ba. Ni da shi muna gaisawa, muna faɗa a kan abubuwan banza, ba mu taɓa tayar da maganar ƙofa ba. Jar rigar tana cikin akwati.

Bana, Lahadin ƙarshe ta Agusta, na je don kada su zauna su kaɗai. Ban zaci za a yi komai ba. Muna gama kek sai ya ce, “Ina taswira?” Draha ta dube ni, ta tashi ta ɗauko, ta ɗauko da tsumma.

Ya ce, “Bar tsumman nan, Tsohuwa. Ba na bukata.”

Ya juya yatsa a sama, ido buɗe, ya dira. Yatsan ya faɗa can ƙasa, wajen taswirar ma, a kan farin gefen da aka rubuta sunan maɗaba'a.

“To, ina muka faɗa?”

Draha ta sunkuya kamar mai karantawa. Ta dafe ƙirji. Ta ce, “Peljesac. Kai, Tsoho, wannan wace irin sa'a ce!”

Ya juyo da gefen idonsa wajena. “Haka ne, Milada?”

Na ce, “Haka ne, Yaya. Daidai bakin ruwa.”